Igiyar jigon Yaya Ɗan Jimma

Bana shekara sittin ke nan da muka kai yayana Ɗan Jimma makwancinsa. Shi ne sarkin lambu na unguwarmu a nan Maraɗi, a farkon mulkin kai. Lambun yana bakin Gulbi, kuma kowane gida na da fangalinsa: albasa, tumatir, yakuwa, barkono. Rijiya ɗaya muke da ita, jigo ɗaya na ɗebo ruwa. Can ake jin wa ta haihu, wa ya dawo daga Katsina, wa ke neman 'yar wa.

Akwai doka da muka tarar: wanda ya riƙe igiyar jigo ba a taɓa shi sai ya sake ta. An ce wasu ne suka taɓa kokawa a bakin rijiyar, duka biyun suka faɗa ciki. Har dariya muke yi wa dokar, don wanda ya yi ɓarna a gida can yake rugawa ya tsira daga bulala.

A shekarar da siyasa ta yi zafi, 'yan banga na jam'iyya suna bi gida-gida suna neman masu goyon bayan 'yan adawa. Wata rana da hantsi suka biyo Mamman tela, mutumin Jiratawa. Ya tsallako darni, rigarsa a yage, kunnensa na jini. Yaya na kan jigo. Bai tambaye shi komai ba, ya danƙa masa igiya ya ce, "Ja."

Shugabansu Kalla ɗan unguwarmu ne, ya san dokar. Ya tsaya ya ce, "Baba, ba mu shi."

Yaya ya ce, "Ruwa yake ba albasar uwarka. In ya gama, ka ɗauka."

Suka zauna jira. Tela bai saba da igiya ba. Kafin azahar tafin hannunsa ya sale, igiyar ta yi ja. Cikin 'yan bangan akwai baƙi da aka kawo da mota, ba ruwansu da dokarmu. Ɗaya ya miƙe da kulki. Yaya ya shiga tsakani. Na ji ƙarar dukan kamar an fasa ƙwarya. Yaya ya faɗi cikin hanyar ruwa, suka bi shi da ƙafa, ruwan da tela ke zubawa ya ɗauki jininsa ya kai fangali-fangali. Ni ina tsaye da fartanya a hannu, saurayi mai ƙarfi, ban ɗaga ƙafa ba. Kowa ya gani, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gori, abin da ya fi gorin ciwo.

Iya Hajo, uwar Kalla, ita ta ratsa su ta kama igiyar sama da hannun tela. Sauran mata suka bi ta, har ba wurin sa hannu. Ta ce, "To, Kalla, fara da ni." Ya sunkuyar da kai ya janye mutanensa. Da yamma aka fitar da tela cikin kayan harawa, aka bi da shi ta Tsibiri don a ɓad da sawu, daga baya ya ƙetare iyaka. Yaya bai kai Juma'a ba.

Da zai dawo yau, ban san me zai ce ba. Rabin lambun ya zama gidaje. Jigo ya ruɓe tuntuni, inji ke tura ruwa ta tiyo. Zai yi mamakin ƙarar kabu-kabu, amma ina jin zai gane mata masu tsinkar yakuwa suna gulma, don wannan bai canza ba.

Bara da rani aka biyo wani mutum ana ihun ɓarawo, wai ya saci moto, wato babur. Wasu na ɗauke da duwatsu, wani da kwalbar asansi, wato fetur. Ya faɗo lambu, kusa da inda nake zaune. Na rarrafa na cusa masa tiyo a hannu na ce, "Riƙe, ɗana, kada ka saki." Samarin suka yi dariya, ba su san abin da nake nufi ba. Dutse ya same ni a baki, haƙorana biyu suka tafi. Amma masu lambu suka ajiye aiki, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kama tiyon, har jikar Iya Hajo, suka tsaya a haka sai da 'yan sanda suka iso. Ko ya saci moton ko bai sata ba, har yau ban sani ba. Yaya ma bai tambayi tela ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Na makara, amma na zo.