Jarkar Subiya Daga Bab Makka

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da wani dattijo maƙwabcinmu, za mu Umara a azumin bana. Kowa a gida ya ba ni sautu, amma guda ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Inna, mahaifiyata, ta yi wata uku tana jinya, abinci ba ya shiga sai da lallashi. Da na je sallama ta riƙe hannuna ta ce lokacin da ta yi Hajji, shekaru da dama da suka wuce, ta sha wani farin abu mai sanyi a Jidda, wai shi subiya, kuma shi kaɗai ranta ke so. Na yi mata alkawari, ban ma san mene ne ba.

Bayan kwana goma a Makka muka sauko Jidda, saura kwana huɗu jirginmu ya tashi. Zafin Jidda daban ne. Iskar teku ce mai danshi, kana fitowa daga wanka kana neman wani. Mai masaukinmu Bahaushe ne haifaffen can, kakansa ne ya zo Hajji a ƙasa ya zauna. Hausarsa rabi Larabci ce, sai ka kasa kunne sosai.

Washegari bayan la'asar ya kai mu wata unguwar kasuwanci ta Jidda da ake kira Bab Makka. Kasuwa ta cika maƙil, masu yadi na kira, masu sambusa na suya, ga 'yan Nijar da 'yan Cadi suna ciniki da Hausa sai ka ce Kantin Kwari. Muka shiga wani lungu, muka tarar da dogon layi a ƙofar wani ɗan shago. Wani tsoho ne ke yin subiyar da hannunsa. Na leƙa ciki na ga durorin roba a rufe. Mai masauki ya ce sha'ir ne, wani hatsi mai kama da alkama, da busasshen burodi ake jiƙawa da kirfa da sukari, a bar shi ya kwana biyu, sannan a tace.

Nan kaina ya fara ɗaurewa. Ni a kusa da Sabon Gari na tashi, na san irin gidajen da ake jiƙa hatsi a rufe a bar shi ya kwana, na kuma san wannan ɗan warin tsamin. Amma layin nan duk dattawa ne masu carbi. Na ja mai masauki gefe na tambaye shi.

"Halal ce, ya Hajj," in ji shi. "Wallahi tun zamanin jaddina, kakana, da ita muke buɗe baki."

Da aka kira magariba na kurɓa a tsorace. Sanyi, zaƙi, ɗan tsami kamar na kunun da ya huce, ga ƙamshin kirfa. Kofi uku na sha kafin na tuna da dabino. A take na gane abin da ya sa Inna ba ta manta ba.

Tun a shagon na riga na sayi jarka guda saboda ita. Da tsohon zai miƙo mini ya ɗaga yatsu biyu ya ce, "Yomen bas." Mai masauki ya fassara: kwana biyu kawai, kuma a firji. Na ji sarai, na gyaɗa kai, amma a raina na ce ai zamzam ma shekara yake yi a gidanmu in dai an rufe shi da kyau. Na ɗaure bakin jarkar da leda, na naɗe da salatef, na tura ta cikin kaya kusa da ta zamzam don kada a manta da ita.

Ana gobe za mu tashi, dab da shan ruwa, na jawo kaya na ga jarkar ta kumbura har ba ta iya tsayuwa. Ina kwance murfin ta yi tsaki, kumfa ta biyo hannuna. Daidai nan aka kira salla. Har yanzu ban san abin da ya hau kaina ba, na zuba kaɗan na buɗe baki da ita. Zaƙin ya tafi. Ɗaci ne da tsami, da wani abu mai tsatstsafa da ya haura mini hanci. Kafin in yi shawara na haɗiye.

Umara ce fa na gama, ga azumi. Na tambayi dattijon ko giya na sha.

"Kana jin jiri?"

"Ina ji, Baba."

"Ni ma ina ji, kuma ban sha ba. Yunwa ce. Yi istigfari ka ci abinci."

Mai masauki bai tsaya fatawa ba. Ya shinshina sau ɗaya ya ce, "Halas, ta lalace. Yalla, zubar a bayi kafin maƙwabta su ji wari." Na tambaye shi ko ta zama giya, ya ce shi bai taɓa barin tasa ta kai haka ba, balle ya sani. Da hannuna na tuttular da ita, raina a ɓace. Tsohon mai subiyar kuwa kafin magariba subiyarsa ke ƙarewa, ba ya sake buɗewa sai wata la'asar, mu kuma da hantsi za mu filin jirgi.

Abin da na koya shi ne ba komai ne ke zama tsaraba ba, kuma in mai sana'a ya ce kwana biyu, ya san abin da yake faɗa. Amma wannan bai rage mini nauyin shiga ɗakin Inna ba. Na durƙusa na ajiye zamzam da dabino, na faɗa mata komai, har kurɓar da na yi. Sai ta tambaye ni:

"Ta farkon, da sanyi ka sha ta?"

"Da sanyi, Inna."

"To, alhamdu lillahi. Ɗayanmu ya sha."

Ta ce in zuba mata zamzam, ta shanye kofin duka.