Ranar da Kawu Ya Hana Ni Ƙona Ɓera

Jiya na ji ƙarar tarko a kicin, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Wata rana a gidanmu na unguwar Koki, ɓera ya faɗa bokiti. Na ɗauko tafasasshen ruwa zan sheƙa masa. Kawu, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka mini tsawa.

"Binta, ajiye ruwan nan!"

Sai ya ce, "Shekara da shekaru na yi aiki da ɓeraye a ɗakin bincike. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kamar ƙwayar dawa, ita ke sa jiki girma. Ni nake ciro ta daga kan wani, in dasa ta a ƙodar wani."

Na sandare. Hannun nan mai ƙamshin turare, mai ɓare mana gyaɗa, shi ke buɗe kan ɓera?

"Amma ban taɓa tsaga ko ɗaya ba sai na yi masa allurar barci. Ke kuwa idonsa biyu za ki dafa shi?"

Da kansa ya fita da bokitin.

Allah ya tausaya wa Kawu fiye da yadda ya tausaya wa ɓeran nan, ya sanyaya makwancinsa.