Uwar Mai Tsaron Gida

Wata dattijuwa tana zaune a tasha, waya manne a kunnenta, carbi na rawa a hannunta. Ba wa'azi take saurara ba, ƙwallo ce.

"Iya, har da ke?" in ji kwandasta.

"Ɗana ne mai tsaron gida. In aka ci shi yau, benci zai koma."

Da gani, ita ce ta sha ɗinke masa safar hannu, amma ba ta san kan wasan ba.

An ba da fanareti. Mota ta cika, ta ƙi tashi. Can sai idanunta suka firfito.

"Wai ya kaɗe ta! Wa ya kaɗe?"

Direba ya tuntsire da dariya. "Ƙwallon ce, Iya, ɗanki ya fita kunya. Shigo gaba!"