Agogon da Ka Bar Mana a Ruma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha takwas ga watan Azumi, daidai da 18 ga Maris 2025, labari ya iso makarantarmu cewa an harbe ka a hanyar Batsari zuwa Ruma, da rana tsaka, kana kan babur ɗinka. Injiniya Ikrima, ni ne na kira ka ka zo. Wannan zan fara faɗa, domin shi ne ya tsaya mini a rai.

Shekara shida kana kula da ƙarfen sabis ɗin da ke bayan makarantar da nake shugabanta. Mu dai mun ɗauka ƙarfe ne da janareta. Kai ka buɗe mini akwatin da ke gindinsa, ka nuna mini wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, ka ce agogon atom ne. Ba shi da hannu, ba ya ƙara. Girgizar atom, wato ƙwayar zarra, yake ƙirgawa, kuma da shi ƙarfenmu ke daidaita lokacinsa da sauran ƙarafa. Ka ce tauraron ɗan adam kan gyara masa zama, amma duk ranar da saƙon tauraron ya yanke, shi kaɗai zai riƙe lokaci. In ya kauce ko da kaɗan ne, kira ya dinga tsinkewa.

Wanda ba ya zaune a nan ba zai san nauyin wannan magana ba. A wurinmu waya ita ce ke gaya wa manomi ya bar gona, ita ke gaya mini in sallami yara tun kafin baburan ɓarayin daji su iso.

Ka lallaɓa agogon nan kamar jinjiri. Ka roƙi Sadiq mai walda ya matsar da injinsa daga jikin katangar da ta kewaye ƙarfen, ka ce girgiza da maganaɗisu duk suna taɓa lissafinsa. Sadiq ya yi ta mita, sai da ka taya shi ɗaukar kaya da hannunka. Duk shekara kafin bazara kakan tara mu mu yi wa akwatin rumfar zana. Na tuna ranar da ka same mu, mu dattawa uku, muna kwarara masa ruwan randa da azahar, wai muna taimakon ka. Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa, sannan ka ce:

"Malam, zafi yana cutar da shi, amma sauyi na farat ɗaya ya fi cutarwa. Ku bar shi a inuwa, ku bar fankar da ke cikinsa ta yi aikinta."

Fankar ce ta tsaya a safiyar Talatar nan. Na taɓa akwatin na ji zafi, na kira ka. Na ce ka bari sai an samu rakiya. Ka ce zafin Maris ba ya jiran rakiya, kuma ba ka yarda da na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ba tun makon jiya. An tsinci sabuwar fanka a jakarka, ko ledarta ba a cire ba, aka kawo mini ita.

Yau kwana tara ke nan. Wallahi tsoro nake ji, Ikrima. An ce za a turo wani, amma wa zai biyo hanyar da ta ci ka? Jiya Mairo mai ƙosai ta kira ɗanta da ke gona wajen bakin daji, kiran ya yanke sau uku kafin ya ji abin da take cewa. Ban sani ba ko agogon ne ya fara kaucewa, kuma babu wanda zan tambaya. Na ƙara zana a rumfar, na hana kowa zuba ruwa. Iyakar abin da na iya ke nan.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi shahadarka, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Zuwairatu, da mai ɗakinka Jannat, da 'yan'uwanka na Safana. Allah Ya ba ku haƙuri, ku kuma yafe mini kiran da na yi.

Sabuwar fankar tana cikin aljihun teburina. Kullum da safe nakan ciro ta in duba, ban san inda ake ɗaura ta ba.