Azumin Bakin Inna Hansai

Ku gyara zama in ba ku labarin maƙwabciyarmu Inna Hansai, mai farfesun kayan ciki a bakin mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas. Duk wanda ya taɓa bi ta gaban rumfarta da safe, ko bai ci farfesunta ba ya ci zaginta, don shi kyauta take rabawa.

'Yar Maguzawan ƙasar Rogo ce. Kakanta ya rasu yana yanka wa iskoki jan zakara, 'ya'yansa kuma kowa ya kama hanyarsa. Ubanta ya bi Fada ya zama Katolika, ƙanwar uban ta auri Musulmi ta musulunta. A coci Monika ne sunanta, amma sunan bai taɓa tsallako ƙofar cocin ba. Mijinta Almu ne ya kawo ta Legas yana aikin gadi. Da ya rasu kowa ya ɗauka gida za ta koma, sai Zakari ya ce ba inda za ta.

Zakari mahauci ne, ɗan gwaggon nan tata da ta musulunta. Shi ya nema mata rumfa, shi ke ware mata tumbi da hanta kafin 'yan sari su wawashe. A duk faɗin Agege ba ta da wani jini sai shi. Kun ga ke nan taubasai ne, 'yar namiji da ɗan mace, kuma kun san taubasai ba sa gaisawa sai da tsiya.

Kullum da hantsi zai zo da kwanon kayan ciki a kafaɗa yana cewa, "Ina Bamagujiyar nan? Yau ma kin kwana da rai?"

"Na kwana, bawan gidanmu. Ajiye kayan a hankali, kada tumbinka ya faɗa ciki in sayar da shi ban sani ba."

Sai ya zauna a kan benci ya ci kwano guda, suna yi mahauta na dariya. Ba shi kaɗai ke shan zagin ba. Direbobin motocin hayar nan danfo tana wanke su da Yarabanci, 'yan okada da Turancin kasuwa, kuma duk gobe su dawo.

To, kowane watan Agusta matan Zumuntar Katolika masu jin Hausa sukan yi shirin Idin Ɗaukar Maryamu zuwa Sama. Kwana tara suke yi, suna kiransa nobena. Da la'asar a ɗauki siffar Uwa Maryamu a kai ta gidan mace guda, a ja carbin rosari, a yi waƙa, gobe a kai ta wani gidan. Kowace mace kuma takan hana kanta wani abu saboda Uwa. Wata ta bar shayi, wata ta bar kallon fim a waya.

A shekarar da nake ba ku labari, shugabar Zumunta, Mama Rifkatu, ta tambaye ta a gaban mata, "Monika, ke me za ki bari bana?"

"Nama."

"Ke da warinsa ya gundure ki? Kowace shekara nama. 'Yar'uwa, abin da ke shiga bakinki bai taɓa cutar kowa ba."

Mata suka rufe baki da gefen zane. Inna Hansai ta koma ɗaki maganar na cin ta. Ta durƙusa gaban ɗan hoton Maryamu da ke jikin bangonta ta yi alkawari: daga gobe har ranar idi ba zagi, ba habaici, ba gatse. Ta ƙara da cewa ba za ta gaya wa kowa ba, don ta sha jin Fada yana cewa mai azumin da ya yi shela ya riga ya cinye ladansa.

Washegari Zakari ya iso da kwanonsa.

"Ina Bamagujiyar nan? Yau ma kin kwana da rai?"

"Lafiya lau, Malam Zakari. Ina gajiya? Yaya Mastura da yara?"

Ya tsaya da kwano a kafaɗa, ya waiga ko da wani Malam Zakari a bayansa.

"Da ni kike?"

"Da kai. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri."

Ya ci farfesun ranar, amma rabi ya bari. Kashegari ya zo da shirinsa. Ya ce ɗankwalinta kamar tsumman goge wuƙa. Ta ce za ta sake. Ya ce miyarta ko kare ya shinshina sai ya nemi asibiti. Ta ce za ta gyara. Masu gani sun ce hannunta na cikin aljihun zane tana murza rosari kamar za ta fasa 'ya'yan. Da amsa ta taso mata har maƙogwaro, sai ta juya ta hau fifita wuta.

Direbobin danfo su murna suka yi, har wani ya nemi ƙarin romo sau biyu ya tafi lafiya. Zakari kuwa abin ya tsaya masa a rai. In taubashiyarka ta fara ce maka sannu da ɗawainiya, ai ta cire ka daga dangi ta sa ka cikin baƙi. Ya aiko matarsa Mastura da yamma ta ji laifinsa.

"Yaya, mutumin nan ko tuwo ba ya gamawa. Me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba. Mutumin kirki ne."

Mastura ta dafe ƙirji. Ta koma ta ce wa mijinta, "Ta ce kai mutumin kirki ne." Zakari ya ce shi ke nan, magana ta lalace.

Daga nan ya daina zama a benci. Ya ajiye kwano, ya yi gaisuwar mutunci, ta amsa da mutunci, ya wuce. Mahauta suka fara raɗa. Wasu suka ce a coci aka hana ta wasa da Musulmi, kuma wannan ita ta fi yi wa Zakari ciwo, don tun suna yara suna kiwon awaki ba wanda ya taɓa sa addini tsakaninsu. Inna Hansai tana jin raɗar. Da la'asar tana bin siffar Maryamu gida gida tana waƙa, amma tana lissafin saura kwana nawa ta kama bawan nan ta sauke masa duk abin da ta tara.

Ranar jajibirin idi, sai ga Zakari da farar riga da hula, ba jini ko ɗigo a jikinsa, ba kwano a kafaɗa. Ya tsaya daga wajen rumfa kamar mai neman hanya.

"Madam Monika, barka da rana."

Ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ludayi ya tsaya a hannunta.

"Na zo ne in gaya miki, na yi magana da Jabir mahauci, daga jibi shi zai riƙa kawo miki kaya. Ni ba na son in riƙa takura miki. In akwai abin da na yi, ki yafe. Zan kira gida in gaya wa tsohuwa yadda ake ciki, kada ta ji a bakin wani."

Tsohuwar ita ce gwaggonta, wadda ta goya ta. Inna Hansai ta dubi rana. Wuni ɗaya ya rage alkawarinta ya cika. Ta dubi Zakari, ya riga ya juya, har ya ciro waya daga aljihu. Ta ajiye ludayin, ta yi alamar gicciye, ta ce a hankali, "Uwa, ki kau da kai." Sannan ta buɗe murya.

"Kai, bawan gidanmu. Dawo nan da wannan rigar aro taka. Wa ya mutu ka gaji hularsa? Dubi kai kamar tulun da aka manta a rana. Ni za ka haɗa da Jabir? Ko akuyar gidanmu ba ka da ikon bayarwa, balle ni. Zauna kafin tumbin nan ya ja ka cikin kwata."

Zakari ya juyo, bakinsa har kunne. Ya mai da waya aljihu, ya tattare farar rigar ya zauna a benci.

"Alhamdu lillahi. Mayya, ashe kina nan. Zuba mini, ki sa hanta da yawa."

Kwano biyu ya ci. Tana zuba masa tana ƙara masa da na kwanakin baya, ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda ta manta. Sai da ya sha ruwa ta gaya masa dalili. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Yanzu Nana Maryamu ce ta ce ki daina zagina? Ai mu ma tamu ce. Da kin tambaye ni, da na gaya miki ba ruwanta da shiga tsakanin taubasai."

Da yamma ta je coci furta zunubi wajen Fada. Fadan matashi ne, Bayarabe. Ta yi masa bayani da Yarabanci tiryan-tiryan, ya ce to ta je ta nemi gafarar wanda ta zaga. Ta ce, "Fada, in na nemi gafararsa ai mun koma gidan jiya." Ya sake tambaya, ta sake bayani. Daga ƙarshe ya ba ta addu'o'inta ya sallame ta. Ranar idi ta sha anko, ta karɓi Jibin Ubangiji, tana cikin matan da suka riƙe kyandir a bayan siffar Uwa.

Har yanzu duk Agusta tana azumin bakin, kuma direbobin danfo sun gane lokacin, suna cin karensu babu babbaka. Sai dai in ta durƙusa za ta ɗauki alkawarin, takan faɗa a fili yadda ba za a yi gardama daga baya ba: "Kowa da kowa, Uwa, ban da Zakari."