Shafi Talatin da Ɗaya

Wani tsohon direba yana tsaye gaban teburin mai shagon kwamfuta, hula a karkace, gilashinsa ɗaure da zare ta kunne ɗaya. Ya rungume wasu takardu a ƙirji. Da ganin idanunsa, barci bai ishe shi ba kwanakin nan.

"'Yata, duba min," in ji shi. "Autata ce ta aiko ta imel daga inda take karatu. Maƙwabcina ya buɗe a kwamfutarsa ya buga min. Shafi talatin da ɗaya, babu kalma ko ɗaya, sai 'yan akwatuna da alamar tambaya! Uwarta ta ce yarinya ta zautu."

Mai shagon ta ɗaga shafi ɗaya, ta zaro ido. "Baba, wannan aka buga muku? Ai ba wasiƙa ba ce! Kwamfutarta daban, tasa daban, shi ya sa tasa ta kasa karantawa."

Ta shiga imel ɗin tsohon, ta buɗe saƙon da wata manhaja, ta ƙaro sauti. Sai ga muryar autar daga lasifika.

"Baba, ni ce. Na ci jarrabawar!"

Tsohon ya ja da baya har ya ture kujera. Baki buɗe, ya dubi lasifika, ya dubi takardun.

"Duk wannan muryarta ce?"

Mai shagon ta miƙo hannu za ta zuba takardun a kwandon shara, ya riƙe su gam.

"A'a, bar min kayana. Kwana uku uwarta na kuka a kansu. Sake kunna min daga 'ni ce'."