Rariyar Gidan Baffa

Sai da na sayi mota na fara jin haushin ƙofar gidanmu na Gwandu. Fili ne na ƙasa, taku goma sha biyar daga bakin titi zuwa get, da damina ya zama taɓo, da rani awaki su kwanta a kai. Lokacin da nake hawan mashin ta gefe nake raɓawa in wuce. Mota kuwa sau biyu tana kafewa a wurin, har sai da mutanen teburin mai shayi suka taso suka tura ni, ina ciki da babbar riga. Ranar na rantse kafin wata damina sai na shimfiɗa intalok, ƙananan bulon nan da ake jerawa a matsayin daɓe.

Ban nemi ɗan kwangila ba, shi ya same ni. Matata ta faɗa wa mahaifiyarta a waya, ita kuma ta faɗa wa ƙanenta, wanda yake buga bulo da intalok a Kalgo. Ranar Asabar sai ga shi a ƙofar gida da tef ɗin awo a aljihu. Da ma akwai wani birkila a unguwarmu da na yi niyyar ba wa aikin, mutumin da ya san kowace kwata a layin nan. Amma kawun matarka ba zai taso tun daga Kalgo ka ce masa kana da wani ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi aiki.

Kuma ya iya aikinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce wurin kwari ne, sai an ɗaga shi. Tifa ta kawo marmara, leburorinsa suka baje, suka daddaɓe, suka ja igiya. Ni dai nawa kawo ruwan sanyi da cewa sannu da aiki.

Gidan da yake manne da namu ta gabas na wani dattijo ne, aminin marigayi mahaifina. Baffa muke ce masa. Gininsa na ƙasa ne, kuma ɗakin da ya ba filinmu baya mahaifinsa ne ya gina shi. A nan yake ajiye littattafan da ya gada, na rubutun hannu, cikin gafaka. A gindin katangar, dab da ɗakin, akwai rariya, ƙofar da mage za ta iya bi. Duk ruwan saman da ya sauka a tsakar gidan Baffa ta nan yake fita, ya ratsa ƙofar gidanmu, ya faɗa kwatar bakin titi. Haka iyayenmu suka tarar, ba wanda ya rubuta, ba wanda ya taɓa tambaya.

A kwana na uku marmara ta haura bakin rariyar da kusan taƙi ɗaya. Da idona na gani. Na matsa kusa da Kawu, na yi ƙasa da murya.

"Kawu, ruwan gidan maƙwabta hwa ta nan yaka hita."

Bai ko ɗago daga igiyarsa ba. Ya ce, "Bar wanga, na gani. In mun ƙare muna sa mai bututu."

A kwana na biyar suka zuba kankare a gefe don ya riƙe intalok ɗin, ya bi jikin katangar Baffa tun daga farko har ƙarshe. Babu bututu. Na gani. Na riga na faɗa sau ɗaya, maimaitawa kuwa daidai yake da ce wa suruki bai san aikinsa ba. Suka share wurin, suka wanke shebur, suka koma Kalgo.

Da yamma Baffa ya fito da sandarsa. Ya zagaya, ya taka intalok ɗin, ja da fari kamar tabarma.

"Aiki ya yi kyawo. Allah shi sa albarka," in ji shi.

Sai ya tsaya daidai inda rariyar take a da. Ya ƙwanƙwasa kankaren da bakin sanda, sau biyu.

"Nan babanka yaka sharewa da hauya in damana ta matso."

Na ce, "Allah shi jiƙan shi."

Ya ce amin, ya shige gida.

Na fahimce shi sarai. Iyakar abin da zai faɗa ke nan. Mutum irin Baffa ba zai dubi ɗan amininsa ya ce sabon abin da ka yi yana cutar da ni ba, kara ba za ta bar shi ba. Ni kuma na fake da wannan karar. Na ce wa kaina da abin ya dame shi da ya faɗa a fili. Sau ɗaya na kira Kawu a waya don maganar bututun. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi zafi, ya tambayi mota, na ce lafiya lau. Muka yi sallama. Aikin da na kasa ambata ɗin, daga baya, bayan mai afkuwa ta afku, birkilan nan na unguwarmu cikin rabin yini ya yi shi.

Ruwan farko ya sauka ina zaune a zaure ina kallon yadda yake gangarewa a kan intalok, ko ɗigon taɓo babu. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Ban leƙa gidan Baffa ba. Daga baya na ji cewa ranar da bokiti matan gidan suka kwashe ruwan tsakar gida, haka ma a ruwa na biyu. Gindin katangar ya sha ya ƙoshi.

Ruwa na uku ranar Alhamis ne bayan la'asar, mai ƙarfi. Muka ji ƙara kamar an juye tifa. Bangon ɗakin ya zube gaba ɗaya, ya faɗo waje a kan intalok, rufin ya bi shi. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Maza suka taru muka tono abin da za a iya tonowa, har da ni, da hannuna. Gafakokin sun jiƙe sharkaf. Tawadar gargajiya ba ta jure ruwa. Washegari aka baje takardun a kan tabarmi a rana, yawancinsu sun koma toka-toka, ba ka gane ko layi ɗaya.

Da hantsi ina tsaye a get ina duban tulin ƙasar da ya tare wa motata hanya, ina juya abin da zan faɗa masa, sai ga Baffa. Gefen rigarsa duk laka. Ya riga ni magana.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Ƙasar ginina ta ɓata maka aiki. In rana ta yi sanyi za a kwashe ta."

Na buɗe baki. Duk maganar da na shirya tana nan a ƙirjina, da rariyar, da bututun, da wayar da na yi. Abin da ya fito shi ne, "Ba komi, Baffa."

Ya ce, "Na gode," ya koma wajen takardunsa.